Farcen Mai Yankan Farce

A tashar mota ta Ogui, a Inugu, wani fasinja ya miƙa wa mai yankan farce ƙafa, sannan ya zaro sabuwar reza daga aljihu.

"Da wannan za ka yi mini, Malam."

"Kai ma rediyon ka saurara ke nan," in ji mai yankan farcen. "Mutanen nan sun kashe mana kasuwa. Tun azumin bara ba su da magana sai ta ƙanjamau. Su faɗa da Ibo, su faɗa da buroka, ranar Juma'a kuma su faɗa da Hausa. A da 'yan okada, masu acaɓa, layi suke yi a gabana, yanzu ko gaisuwa daga nesa suke yi."

"Ai ba su ce a guje ku ba. Cewa suka yi kowa ya zo da rezarsa, ko a tafasa kayan aiki."

"A ina zan tafasa, Alhaji? A bakin titi? Almakashin nan shekara da shekaru yana hannuna, bai taɓa kashe kowa ba."

"Cutar ba a rana ɗaya take kisa ba. Haka mai shirin ya ce."

"Ya faɗa mana, tunda biyansa ake yi."

Fasinjan ya dubi hannun da ke riƙe da ƙafarsa.

"To naka farcen fa, me ya same shi? Duk a gutsure."

Mai yankan farcen ya ɓare takardar rezar, bai ɗago kai ba.

"Ni da haƙori nake yin nawa, tun azumin bara."