Bindigar Baba Ta Zama Sanda

Ranar da aka harbe yara a makarantar garin da ke kusa da mu, ka canza tasha, ka ci gaba da cin abincinka. To, ga abin da na ji a wajen gyaran mota a garinmu da ke jihar Michigan ta Amurka, ana gobe za a buɗe farautar barewa, tsakanin wani tsohon maharbi da wata direbar motar makaranta.

"Baba, ku da bindigoginku kun hana mu barci," in ji ta.

"'Yata, bindigata barewa kaɗai ta sani. Da ita nake ciyar da gida tun ba a haife ki ba. Gwamnati ba ta isa ta karɓe ta ba."

"Wa ya ce a karɓe? A kulle dai."

"Bindigar da ke kulle ai sanda ce!"

"To taka tana ina yanzu?"

Ya sosa ƙeya. "A akwatin ƙarfe."

"A kulle?"

"Jikata Marlene ce ta kafe. Tun da aka fara koya musu ɓuya ƙarƙashin tebur a aji, ta ce ba ta ƙara kwana gidana sai na kulle."

"Ashe sanda gare ka, Baba!"

Ya yi dariya har da tari. "Sanda ce. Amma yarinyar tana zuwa duk Asabar, ita ke cinye min naman."

Wannan tsoho mai taurin kai ya iya, kai me ya hana ka? Tashi ka kulle taka yau.