Rediyon Kawu Yana Cikin Ƙwarya

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni ne Sani daga Gidan Rumji. Wata huɗu na yi a Maradi ina koyon gyaran rediyo, na dawo ina ɗaga kafaɗa. Maigidana kullum cewa yake, "Auna pil, wato batir, kafin ka kwance komai." Ban ji ba.

Kawuna Idi ya kawo rediyonsa da ya daina magana daga Cadakori, yana son jin bikin 'yancin kai. A gaban 'yan kasuwa na wargaza shi kaca-kaca. Sai Kawu ya ce, "Ɗana, ko pil ɗin ne? Tun daminar bara ban sake su ba." Su ne kuwa! Mayar da shi ya gagare ni, sai na tattara masa tarkacen a ƙwarya.

Masu gyara, ku ba ni shawara. Mutanen Cadakori, ku roƙar mini gafara wurin Kawu. Shi ba zai ji ba, rediyonsa yana cikin ƙwarya.