Ruwa Zai Tafi Da Ita

Ruwan sama ya tsare Nata'ala mahauci a rumfar wata mai tuwo a Agege. Yana tsaye sai ya ga ta kinkimo bokitin shara ta juye a kwata.

"Baiwar Allah, mene ne haka?"

"Shara na zubar. Ruwa zai tafi da ita."

"Ya kai ta ina? Kin taɓa bin ta kin ga inda take sauka? Ɗakina take sauka, can gangare bayan layin dogo. Bara da hannuna na tsamo katifar 'ya'yana cikin ledojin tuwo irin naki."

"To je ka kamo masu motar shara, tun sallah ba su leƙo layin nan ba. In ajiye ta ƙudaje su kore mini masu ciniki? Kai za ka ciyar da ni?"

"Ko kunya ba kya ji."

Ta dube shi sama da ƙasa, idonta ya tsaya kan jinin da ke rigarsa.

"Malam, a mayanka kake aiki, ko?"

"A can nake. Sai aka yi yaya?"

"Gidanmu yana ƙasa da ku. Duk damina jan ruwa da ƙazantar tumbi ke shigo mana. Ku a ina kuke zubarwa?"

Nata'ala ya tuna baron ƙazantar mayanka da shi kansa ya juye a magudana da safen nan. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Wannan ai ruwa ne ke tafiya da shi."

"Yana tafiya da shi kam," ta ce, tana ɗauraye bokitinta. "Har ɗakina."