Riƙe Min Wayar Nan

A ɗakin jiran likita, wani mutum da 'yarsa a cinya ya miƙa wa matar da ke gefensa waya.

"Baiwar Allah, riƙe min. Ko na roƙe ki, kar ki ba ni sai an kira mu."

"Ikon Allah! Ka san ni ne?"

"Shi ya sa. Matata tausayina take ji, sai ta mayar min. Jiya ina ta kallon yaƙi da haɗari a soshiyal midiya, aka kira lambarmu sau uku ban ji ba. Yarinya ta koma gida da zazzaɓinta. Yau kam ba zan sake ba."

"Tsaya, lamba nawa aka kira yanzu?"

"Sha tara."

"Innalillahi! Tawa sha biyar ce. Ungo, kai ma riƙe tawa."