Kwalba Mai Jan Murfi

A tashar Gwarzo, Hajaratu na jiran motar Kabo ta cika, sai dattijon gefenta ya yi tsaki.

"Wai hukuma ta rufe gidan jabun giya! Mashayi ya mutu mana, ina ruwan gwamnati?"

"Baba, kare rai wajibin shugaba ne a Shari'a. Ƙanena giyar nan ta makantar. Ni na kai hukuma har ƙofar gidan!"

"Shi ya so."

"Bai san giya ba ce. Maganin sanyin ƙashi suke cewa, a kwalba mai jan murfi."

Dattijon ya laluba aljihu. Ya zaro irinta, ya tuttular a ƙasa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

"Amin, Baba. Yanzu da ruwan gwamnati ko babu?"