Kowa Ya Ce Bai Gani Ba

A tashar Dutse, cikin motar Garki da ta ƙi cika, wata dattijuwa ta ƙura wa kumburarriyar fuskar Madina ido.

"'Yar nan, faɗuwa kika yi?"

"Maigidana ne, Inna. Daga kotu nake. Da na ji an ce shari'a ta zo, na ɗauka har da irinmu za a share wa hawaye."

"To, me alƙali ya ce?"

"Tun zaman farko ya ce in kawo shaidu. Duk maƙwabta sun ji ihuna, amma da na bi su gida-gida, kowa ya ce bai gani ba."

"Koma ɗakinki ki yi haƙuri. Ni shekara talatin na yi da Malam, ga ni da raina."

Madina ta sunkuyar da kai. A hankali ta ce, "Daga baya ya daina?"

"Ɗaga murya, 'yar nan. Kunnen nan ba ya ji tun marin da ya yi mini ina goyon fari."

"Na ce, ya daina?"

Dattijuwar ta juya ta kalli waje ta taga.

"Ya daina mana. Ranar da Allah ya karɓi ransa."