Harsashi Guda na Tsohon Maharbi

A kasuwar Ɗambatta, shekarar da hatsi ya gagari talaka manya suna kallo, wani tsohon maharbi ya durƙusa gaban mai sayar da harsashi.

"Ɗan nan, na waje nake so, guda ɗaya."

"Guda ɗaya, Baba? Ga ja, ga kore. Jan na tsuntsu ne, watsuwa yake. Koren na babban nama ne. Ko in ba ka ɗurin gida? Ya fi araha."

"Ɗurin gida raunatawa yake, ba ya kashewa. Ba ni koren."

Mai harsashi ya tuntsire da dariya. "Wane babban nama, Baba? Daga nan har Kazaure gona ke bin gona. Giwa ka gani a mafarki?"

"Ba daji zan shiga ba. Karen farautata ne, tare muka tsufa. Jikokina ma da ƙyar suke samun tuwo, shi kuwa haƙarƙarinsa duk sun fito. Na kai shi nesa na yar, ya dawo."

Mai harsashi ya daina dariya, ya shiga tona kwalin koren.

"Duba da kyau, ɗan nan. Zaɓo mini wanda ba zai sa in harba sau biyu ba."